Lambar gidaje sittin da huɗu: fashin baƙi kan 18,446,744,073,709,551,615

Ga lambar: 18,446,744,073,709,551,615. Alƙaluma ashirin ne a jere. Wanda ya ce zai karanta ta da baki zai sha wuya, domin bayan dubu da miliyan da biliyan da tiriliyan, kalmomin da kunnenmu ya saba ji a ranar gabatar da kasafin kuɗi sun ƙare. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ce tiriliyan ce har sau miliyan goma sha takwas da ɗoriya. Mutane da yawa da zarar sun ga irin wannan sai su kawar da kai, su ce ai wannan ta masu kwamfuta ce. Ni kuwa a ganina babu lambar da ta fi ta cancanta a zaunar da ɗalibi a gabanta, saboda duk tsawonta, da fensir da takarda ana iya kwance ta gaɓa-gaɓa har a ga abin da aka gina ta da shi. Masu lissafi suna bi da lamba ne kamar yadda dattawa ke bi da baƙon da ya zo neman aure: ba tsawonsa ake dubawa ba, tambaya ake yi ɗan wa ne, jikan wa ne.

Asalin wannan lamba wani tsohon labari ne game da shaɗaranji, darar nan da a yau ake kira ces, wadda allonta ke da gida takwas a tsaye takwas a kwance, sittin da huɗu ke nan. An ce wani mai hikima a Indiya mai suna Sissa ya ƙago wasan ya kai wa sarki. Sarki ya ji daɗi, ya ce ya faɗi tukwicin da yake so. Sai ya ce a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a riƙa ninkawa haka har gidan ƙarshe. Sarki ya raina roƙon, sai da ma'aji suka zauna lissafi aka gane ɗan hakin da aka raina ne. Labari ne na hikima, ba tarihi ba, amma lissafin cikinsa gaskiya ne. Ibn Khallikan, alƙalin alƙalan Dimashƙa da ya rayu tsakanin 1211 da 1282, ya kawo shi a littafinsa na tarihin manyan mutane, Wafayatul A'ayan. Tun kafin shi, wajen shekara ta 1000, Al-Biruni ya riga ya fitar da jimillar daidai, ta hanyar lura da cewa 16 ce aka ninka da kanta sau goma sha shida sannan aka cire ɗaya.

Abin da ya fi burge ni a wajen Ibn Khallikan shi ne ya faɗi cewa da farko bai gaskata ba, sai da ya haɗu da wani mai lissafi a Iskandariyya wanda ya nuna masa hanya. Mutumin bai tsaya ƙirga ƙwaya ba, awo ya koma. A gida na 16 akwai ƙwaya 32,768, ya ce a ɗauka mudu guda ne. Ya ci gaba da ninka mudu har suka cika rumbu a gida na 40. Ya ninka rumbuna har suka kai 1,024 a gida na 50, ya ce a ɗauka birni guda ne. Daga nan ya ninka birane, gida na 64 ya tashi da birni 16,384. Wannan ita ce koyarwa ta gaskiya, a ɗauko abin da hankali ba ya iya riƙewa a zuba shi a ma'aunin da mutum ya sani.

Mu ma za mu iya yin namu awon. A ɗauka ƙwayar alkama dubu tana da nauyin giram arba'in. Da a kan dararmu ta ƙasa mai gurbi talatin aka yi alkawarin, jimilla ƙwaya 1,073,741,823 ce, wato buhu wajen 860 masu kilo hamsin, abin da attajiri ɗaya a kasuwar Dawanau zai iya biya. Rabin allon ces, gida talatin da biyu, ya kama tan 172. Amma gida na 33 shi kaɗai ya fi dukkan gidajen da suka gabace shi a haɗe, haka kuma kowane gida bayansa. A ƙarshe alkamar ta haura tan biliyan 700, alhali duniya gaba ɗaya tana noma kusan tan miliyan 800 ne a shekara. Noman shekara ɗari tara da wani abu ke nan.

Me ya sa kowane gida ke fin duk na baya a haɗe? A duba ƙananan: 1 da 2 sun ba da 3, wato 4 ba ɗaya. 1 da 2 da 4 sun ba da 7, wato 8 ba ɗaya. A ƙara 8 a samu 15, wato 16 ba ɗaya. Kullum jimilla tana gaza gida na gaba da ƙwaya ɗaya tak. Saboda haka jimillar gida 64 ita ce biyu a ninka da kanta sau 64 a cire ɗaya, abin da ake rubutawa 2⁶⁴ − 1. Wannan gajeren rubutu shi ne sunanta na yanka, kuma kusan duk abin da za a faɗa game da halinta daga gare shi yake fitowa, ba daga alƙaluma ashirin ɗin nan ba.

Duk da haka alƙaluman ma suna magana ga wanda ya iya tambaya. Ta ƙare da 5, don haka mara ce, wuturi ba shafa'i ba, kuma biyar na raba ta ba saura. In an tara alƙalumanta ɗaya bayan ɗaya za a samu 87. Uku na raba 87, don haka uku na raba ta. Tara ba ta raba 87, don haka ita ma tara ba ta raba ta. Ba murabba'i ba ce, wato babu wata lamba da za a ninka da kanta a same ta, domin duk murabba'in da ya ƙare da 5 dole ya ƙare da 25, kamar 25 da 225 da 625, ita kuwa da 15 ta ƙare. Ba a yi minti biyu ba mun san abu biyar a kanta.

Babbar tambaya ita ce ta asali. Akwai lambobin da babu mai raba su ba saura sai ɗaya da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13 da sauransu. Larabawa na ce wa irin wannan adadi awwali, mu kira su lambobin asali. Kowace lamba in ba ta asali ba ce, to haɗi ce ta lambobin asali da aka ninka, kuma hanya ɗaya ce tak ta haɗa ta. 60 ita ce 2 × 2 × 3 × 5, babu wata hanyar. Nemo waɗannan iyaye a lamba mai alƙaluma ashirin, in ta hanyar gwada rabawa ɗaya bayan ɗaya ne, aiki ne da zai iya kai mutum ga gwaji biliyoyi. Amma tamu tana da ƙofa a buɗe.

Ƙofar ita ce ƙa'idar da ake koya wa yara a ƙaramar sakandare, suna haddace ta don jarrabawa ba tare da an nuna musu amfaninta ba. Duk lambar da ta gaza murabba'i da ɗaya, tana rabuwa gida biyu: ta ƙasa da tushen da ta sama da shi. 99 ita ce 100 ba ɗaya, tushen 100 shi ne 10, don haka 99 = 9 × 11. Haka 63 = 7 × 9. To 2⁶⁴ murabba'i ce, tushenta 4,294,967,296. Ke nan lambarmu ita ce 4,294,967,295 × 4,294,967,297. Ta farkon ita ma murabba'i ce ba ɗaya, ta rabu zuwa 65,535 × 65,537. Ita 65,535 ta rabu zuwa 255 × 257. Ita 255 ta zama 15 × 17, sannan 15 ta zama 3 × 5. Kamar ɓare albasa ne, kowane ɓawo aka cire sai a tarar da irinsa a ciki. Abin da ya rage a hannu shi ne:

3 × 5 × 17 × 257 × 65,537 × 4,294,967,297

Waɗannan shida ba tarkace ba ne, 'yan gida ɗaya ne, kuma suna da tarihi. A cire wa kowacce ɗaya a gani: 2, 4, 16, 256, 65,536, 4,294,967,296. Kowacce murabba'in wadda ta gabace ta ce. Pierre de Fermat, wani alƙali a birnin Toulouse na Faransa da ke lissafi a lokacin hutunsa, ya duba biyar na farko ya ga duk na asali ne. A wasiƙunsa na 1640 ya ce ya yi imani duk lambobin wannan gida na asali ne har abada, ko da yake ya amsa cewa bai samu cikakkiyar hujja ba. Maganar ta zauna haka shekara casa'in da biyu. A 1729 Christian Goldbach ya ja hankalin wani saurayi ɗan Suwizalan mai suna Leonhard Euler, wanda ke aiki a birnin Saint Petersburg na Rasha, zuwa ga wannan da'awa. A 1732, yana da shekara 25, Euler ya nuna cewa ta shidan ba ta asali ba ce: 4,294,967,297 = 641 × 6,700,417. A daidai wannan zamani ne malamin nan Bakatsine, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, yake rubutu da Larabci kan yadda ake jera lambobi a hatimi mai gidaje mara, ko ta ina aka tara su jimilla ta zo ɗaya. Na kawo shi ne don kada wani ya ɗauka wasa da halayen lambobi baƙon abu ne a ƙasarmu.

Ta yaya Euler ya lalubo 641 a cikin dubban lambobi? Ba sa'a ba ce. Daga baya ya bayyana cewa duk lambar asalin da za ta raba wannan lamba dole ta zama ninkin 64 da ƙarin ɗaya. Wannan ya zubar da kusan duk masu neman gwaji, ya bar 193, 257, 449, 577, sai 641. A gwaji na biyar aka dace.

Akwai kuma hanyar tabbatarwa da ba ta buƙatar doguwar rabawa, kuma ina so mai karatu ya bi ta a hankali, domin a nan daɗin abin yake. Lissafi ne irin na ranakun mako: kwana bakwai na dawo da kai inda ka tashi, shi ya sa kwana shida gaba daidai yake da kwana ɗaya baya. A ɗauka makonmu kwana 641 ne. To 640 tana nufin baya da ɗaya. In aka ninka baya-da-ɗaya da kanta sau huɗu, sai ta koma gaba da ɗaya, kamar yadda ƙorau sau ƙorau ke ba da tabbatau. Amma 640 ita ce 5 × 128, don haka ninka ta da kanta sau huɗu daidai yake da 625 sau 2²⁸. Ita kuma 625 ta gaza 641 da 16, wato baya da 16 ce. Sha shida sau 2²⁸ shi ne 2³². Ke nan ja da baya da 2³² yana ajiye mutum a gaba da ɗaya, wanda ke nufin tafiya gaba da 2³² tana ajiye shi a baya da ɗaya. A ƙara mata ɗaya sai zagaye ya cika cif. Sirrin duka shi ne 641 tana da fuska biyu a lokaci guda: 640 da 1 ce, kuma 625 da 16 ce.

Yanzu nasabar ta kammala. Lambar gidaje sittin da huɗu ita ce 3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417. Iyaye bakwai, babu wanda ya maimaitu. Daga wannan jeri kaɗai za a amsa sauran tambayoyi ba tare da an sake taɓa alƙaluma ashirin ɗin ba.

Lambobi nawa ne ke raba ta ba saura? Kowane mai raba ta ana samun sa ne ta hanyar zaɓen wasu daga cikin bakwan nan a ninka su. Kowane ɗaya, ko a ɗauke shi ko a bar shi, zaɓi biyu ke nan sau bakwai: 128. Duk girman nan nata, masu raba ta 128 ne kacal, har da ɗaya da ita kanta. A kwatanta da 83,160, lambar da ba ta kai dubu ɗari ba, wadda ita ma masu raba ta 128 ne. Tunda kuma babu uban da ya maimaitu, babu wani murabba'i, ko 9 ko 25 ko 289, da ke shiga cikinta.

Akwai wani tsohon rabe-rabe da ya zo daga Girkawa ta hannun Nikomakus, wanda Sabit ibn Ƙurra ya fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na tara. Ana tara duk masu raba lamba ban da ita kanta. In jimillar ta zo daidai da lambar, cikakkiya ce, tammun: 6 = 1 + 2 + 3, haka 28 da 496 da 8,128. In ta wuce, mai rara ce, za'idun, kamar 12 da masu raba ta suka tashi 16. In ta gaza, mai giɓi ce, naƙisun, kamar 8 da nata suka tsaya a 7. Ina tamu ta faɗa? Mafi girman masu raba ta shi ne sulusinta, sai humusinta, sai kashi ɗaya cikin 15, sai ɗaya cikin 17, daga nan sai su yi ta ƙanƙancewa da sauri. In an tara duka 127 ɗin, ana samun kusan kashi 70 cikin ɗari nata. Mai giɓi ce. Ba abin mamaki ba ne ga lambar mara, domin ba ta da rabi ba ta da rubu'i, kuma su ne ke cika mudu. Sai an kai 945 kafin a ga lambar mara ta farko mai rara, cikakkiyar lamba mara kuwa har yau babu wanda ya taɓa samun ko ɗaya, babu kuma wanda ya kawo hujjar cewa babu ita.

Ta wani ɓangaren kuma lambarmu 'yar gidan Mersenne ce. Marin Mersenne malamin coci ne a birnin Faris, kuma ana kiran duk lambar da ake samu in an yi ta ninka biyu da kanta sannan aka cire ɗaya da sunansa: 3, 7, 15, 31, 63, 127. Darajar gidan ta samo asali tun daga Yuklid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, domin shi ya nuna cewa duk inda aka samu ta asali a cikinsu, ana iya gina cikakkiyar lamba da ita: 3 ta haifi 6, 7 ta haifi 28, 31 ta haifi 496. Ƙa'idar farko a gidan ita ce, in yawan ninkin ba lambar asali ba ne, sakamakon ma ba zai zama na asali ba. 64 kuwa biyu-biyu ce tun daga sama har ƙasa, shi ya sa tamu ta ɓare cikin sauƙi haka. Amma kasancewar yawan ninkin na asali ba ya lamunce komai: 2¹¹ − 1 ita ce 2,047, wato 23 × 89.

Maƙwabtanta biyu sun isa misali. A jerin da Mersenne ya fitar a 1644 ya sa 2⁶⁷ − 1 cikin na asali, ya tsallake 2⁶¹ − 1. Duka biyun ya yi kuskure. A 1883 wani limamin coci a Rasha, Ivan Pervushin, ya nuna cewa 2⁶¹ − 1, wato 2,305,843,009,213,693,951, ta asali ce. Ita kuwa ta 67, Édouard Lucas ya nuna a 1876 cewa haɗi ce, ba tare da ya san iyayenta ba. Sai a 1903, a wani taron masana lissafi a New York, Frank Nelson Cole ya kawo su: 193,707,721 × 761,838,257,287. A duba bambancin. Lambobi uku masu kusan tsawo ɗaya, ɗaya ba ta rabuwa sam, ɗaya ta ɗauki shekara 259 kafin a ga cikinta, ɗaya kuma yaron sakandare zai ɓare mafi yawanta kafin a tashi darasi. Farautar na asali a wannan gida ba ta tsaya ba. A Oktoban 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano ta 52, wato 2 a ninka sau 136,279,841 a cire ɗaya, mai alƙaluma 41,024,320.

Wani rabe-raben shi ne na tara murabba'ai. A 1770 masanin lissafi Lagrange ya tabbatar cewa kowace lamba ana iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'ai da ba su wuce huɗu ba. Wasu biyu sun ishe su, kamar 13 = 9 + 4. Wasu sai uku, kamar 14 = 9 + 4 + 1. Masu taurin kai sai huɗu cif, kamar 7 = 4 + 1 + 1 + 1 da 15 = 9 + 4 + 1 + 1. Duk lambar da in an raba ta da takwas saura bakwai, tana cikin masu taurin kan nan. Takwas na raba 2⁶⁴, don haka wadda ta gaza ta da ɗaya saurarta bakwai ne. Ba sai an gwada ko sau ɗaya ba, mun san duk kwamfutocin duniya ba za su samo murabba'ai biyu ko uku da za su tashi wannan lamba ba.

Masu kwamfuta kuwa sun san ta ta wata fuskar daban. Kwamfuta ba ta san alƙaluma goma ba, biyu ta sani, kunne da kashe, 1 da 0. A jera makunnai takwas a kunna su duka, lambar da suke nunawa 255 ce. Sha shida, 65,535. Talatin da biyu, 4,294,967,295. Mai karatu zai gane su, su ne ɓawon albasar da muka cire ɗazu. Sittin da huɗu a kunne duka ita ce lambarmu, kuma ita ce iyakar abin da gurbi mai makunni 64 ke iya riƙewa, irin wanda ke cikin yawancin wayoyi da kwamfutocin yau. A ƙara mata ɗaya sai komai ya koma sifiri, kamar mitar babur da ta cika tara-tara ta juya. Waɗannan iyakoki ba wasa ba ne. Tsohon tsarin adireshin intanet mai makunni 32 yana da gurbi biliyan huɗu da ɗoriya ne kawai, kuma babbar ma'ajiyarsa ta ƙare a Fabrairun 2011. Na'urorin da ke ƙirga daƙiƙa tun daga 1 ga Janairun 1970 a gurbi 32, da makunni ɗaya a ware don alamar ƙorau, za su cika a 2,147,483,647 ranar 19 ga Janairun 2038, shi ya sa ake ta mayar da su kan 64. Da gurbi 64 kuwa babu wannan fargaba: daƙiƙa 18,446,744,073,709,551,615 ta kai shekara biliyan 584 da ɗoriya, fiye da sau arba'in na shekara biliyan 13.8 da masana sararin samaniya ke ƙiyasta wa duniya. Wannan adadin ne kuma ke fitowa a wasan hasumiyar Hanoi da Lucas ya ƙago a 1883, inda ake kwashe faifai daga turke zuwa turke ɗaya bayan ɗaya ba tare da ɗora babba a kan ƙarami ba: faifai 64 na buƙatar motsi daidai wannan lamba. Ko 65,537, ɗaya daga iyayenta, tana aiki kullum a tsarin RSA da ke tsare bayanai tsakanin waya da banki.

Na bar abin da ya fi ba ni mamaki zuwa nan. Tun zamanin Girkawa ake tambaya: wace siffa mai gefuna daidai wa daida ake iya zanawa da kamfas da rula marar awo kaɗai? Sun iya mai gefe 3, da mai 5, da mai 15, da ninkinsu biyu-biyu. Mai 7 da mai 9 sun gagara. Shekara dubu biyu ba a ƙara komai ba, sai ranar 30 ga Maris 1796, lokacin da Carl Friedrich Gauss, saura wata guda ya cika shekara 19, ya gano cewa mai gefe 17 tana zanuwa. Ya kuma gano dalili: siffa mai gefuna mara tana zanuwa in yawan gefunan lambar asali ce ta gidan Fermat, ko haɗin irinsu ba tare da maimaici ba. A 1837 Pierre Wantzel ya kammala hujjar cewa ban da waɗannan babu wasu. An yi aikin mai gefe 257 a 1832, sannan Johann Hermes ya shafe kimanin shekara goma a kan mai gefe 65,537, rubutunsa na ajiye a jami'ar Göttingen ta Jamus.

A koma ga ɓangare biyun da lambarmu ta fara rabuwa zuwa gare su. Na farko, 4,294,967,295, shi ne 3 × 5 × 17 × 257 × 65,537, wato duk lambobin asali biyar da aka sani na gidan Fermat a haɗe. Siffa mai wannan yawan gefuna tana zanuwa da kamfas da rula, kuma ita ce mafi girma da aka sani cikin masu gefuna mara. Da Fermat ya yi daidai, da siffa mai gefe 18,446,744,073,709,551,615 ita ma ta zanu, tunda da ta zama haɗin 'yan gida shida. Abin da ya hana shi ne 641 ɗin nan ta Euler. Ƙaramar lamba mai alƙaluma uku, wadda aka gano a lissafin rabawa, ita ta yanke hukunci a kan wani zane da ba wanda zai taɓa ɗaukar kamfas ya gwada.

A iya abin da aka sani, gidan Fermat bai sake haihuwar ta asali ba tun daga 65,537. Ta bakwai a jerin ita ce maƙwabciyar lambarmu ta sama, 18,446,744,073,709,551,617, wadda ta fi ta da biyu kacal. A 1880 Fortuné Landry, dattijon da ya haura shekara tamanin, ya raba ta zuwa 274,177 × 67,280,421,310,721. Daga ta Euler har zuwa wadda ake ba lamba 32 a jerin, in an fara ƙirga daga sifiri, an tabbatar duk haɗi ne, wasu ma an san haɗi ne ba tare da an ga ko ɗaya daga iyayensu ba. Wadda ke bi musu, mai lamba 33, tana da alƙaluma sama da biliyan biyu da rabi, kuma ita ce ta farko da har yanzu ba a yanke mata hukunci ba.